Sharhi kan wasan OutKast a Atalanta, 2014

A ƙarshen watan Satumba na 2014, mawaƙan rap guda biyu da ake kira OutKast, wato Big Boi da André 3000, sun yi wasa dare uku a jere a filin Centennial Olympic Park da ke Atalanta, a kudancin Amurka, birnin da suka fara waƙa. Shekara 20 ke nan da fitar faifansu na farko, kuma kafin yawon wasan wannan shekarar sun daɗe ba su hau dandamali tare ba.

Ƙarfin waƙar mutum biyu yana cikin karɓa-karɓa: wannan ya ajiye baiti, wancan ya ɗauka kafin ya faɗi ƙasa. Ɗan kallon da ya tsaya cikin cunkoso a sararin Allah ya ji haka a tsofaffin waƙoƙinsu, waɗanda jama'a suka yi wa amshi da ka. Amma da aka kai tsakiyar wasa kowa ya yi nasa shi kaɗai, sai ɓarakar ta fito fili. Big Boi, wanda bai taɓa barin fage ba, ya ba mutane abin da suka biya kuɗi domin shi. André kuwa ya fito da farin gashin roba da baƙar tufa mai rubutu a ƙirji, ga alamar farashi tana reto a jikinta, kamar hajar da aka riga aka sayar. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ji ya yi ya sayar da kansa a yawon wasan shekarar.

Gaskiya ya faɗa, ba shakka. Sai dai masu sayen su ne mutanen garinsu, waɗanda suka tsaya musu tun 1995, lokacin da aka yi musu ihu a Niyok.