Jinjina ga Ma'aikatan Gidan Mambayya

A Gwammaja, Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, yau cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Malam tun yana ɗalibi yake amfani da wasan kwaikwayo wajen farkar da talaka, kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ma'aikatan Mambayya sun riƙe wannan gado da kyau. Suna shirya laccar tunawa da Malam duk shekara, suna buɗe zaure ga ɗalibai, malamai da 'yan siyasa, har ɗalibi ya miƙe ya tambayi mai mulki ba tare da tsoro ba.