Ƙauyen da ke cikin Kitsen Rogo bai san baƙo ba

Na sake karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo a damunar bara, ina zaune a kan benci a shagon mai cajin waya, a wani ƙauye da ke kusa da Ɗambatta. Karatun farko tun ina sakandare a Gusau na yi shi, kuma a lokacin ban ga abin da zan yi jayayya da shi ba. Ibrahim ya raina ƙauye, ya tafi birni neman abin duniya, ya faɗa hannun ɓata-gari, rayuwarsa ta lalace. Sunan littafin ma ya riga ya yanke hukunci, domin wanda ya hangi farin rogo ya zaci kitse ne, sai ya kai baki zai gane. Saƙon a fili yake: zauna gida ka riƙe fartanya.

Dole a yi wa littafin adalci. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi a 1978, shekara biyu bayan gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, lokacin da kuɗin mai ke janye samari daga gona kamar ana kiran su da ganga. Ɗangambo ya bar aljanu da 'ya'yan sarakuna, ya kalli matsalar da ke gaban idonsa, kuma birnin da ya zana yana da haƙora. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a adabinmu na wancan zamani.

Inda muka raba hanya da shi a karatu na biyu shi ne kan ƙauyen. A tunanin littafin, ƙauye gida ne mai jiran kowa. To ni a wannan karon na karanta shi ne a matsayin ɗan matar da ta zo ƙauye amma ba ta zo gida ba. Rashin tsaro ya tashi Inna daga garinmu a Zamfara, ta dawo wurin ƙanwarta da ke aure a nan arewacin Kano. Ni aikina rubuta manhaja ne, duk inda akwai intanet da batir zan iya yi, sai na biyo ta da kwamfutata.

Inna ta fi shekara arba'in tana da gayaunarta. Da ta nemi ɗan wurin da za ta zuba kuɓewa da yakuwa, sai aka yi ta kallon juna. Ba rowa ba ce. Ƙasar nan a cike take. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda ake nome gona ɗaya duk shekara ba a barin ta ta huta, sai dai a yi ta kai mata taki. Yau abin ya fi haka matsi. Gona a jikin gona, gadon kaka an raba shi har ya koma kunya-kunya. Harawa da mai ita, karan dawa da mai shi, kukar da ke tsakiyar gona ma an san wanda ya gaje ta. Aro, haya ko jingina, duk sai wanda aka san asalinsa. Wanda ya ce wa saurayi ya koma gona ya ɗauka ke nan akwai gonar da ke jiran sa, kuma wannan zaton ne ginshiƙin da Kitsen Rogo ya tsaya a kai.

Amma gona ba ita ta fi cin ran Inna ba. Ranar da ta fara zuwa kasuwar Ɗambatta, wata Lahadi, ta tambayi kuɗin tiyar gero, mai awo ya ce a nan kwano ake cewa. Ta ce "mi?", yaran da ke gefe suka kwashe da dariya. Ta gaya wa maƙwabciya cewa ɗiyanta huɗu ne, duk maza, matar ta yi sororo, domin a bakin Kanawa ɗiya mace ce. Kafin wata guda an manta sunanta, ta koma Bazamfara. Mafi nauyi kuma shi ne biki. Duk gudummawar aure da suna da ta kai gidajen mutane tsawon rayuwarta bashi ne da za a biya ta ran da nata ya taso. Waɗanda ta bi bashin sun watse, wasu Gusau, wasu Funtuwa, wasu ba a san inda suke ba. A nan sai ta fara daga farko, da tsufanta, tana kai ɗan abin da ya sawwaƙa gidan sunan jaririn da ba ta san kakarsa ba.

Na nemi wannan rayuwar a ƙagaggun labaranmu, na samu ƙaura da yawa, zaman bayan ƙaura kuwa kaɗan. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito tun 1934, an sace yaro, an kai shi Kano, an ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya zama malami. Tafiyar da neman da uwarsa ta yi masa su ne ke riƙe mai karatu. Yadda harshen yaron ya saba da Larabci, ko cikinsa da abincin baƙi, marubucin bai tsaya a kai ba. Littattafan da muke karantawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp sun gaji wannan gaggawa: a ɗauki amarya daga Maiduguri a sauke ta Abuja a layi ɗaya, babi na gaba har ta fara faɗa da uwar miji. A sana'armu, manhajar da aka gwada ta kawai kan mutumin da komai nasa ya cika, ranar da marar adireshi ya zo cike fom sai ta tsaya cak.

Abin mamaki, littafin da ya fi kusa da Inna ba ƙagagge ba ne. Labarin Baba ta Karo ne, wanda ta ba Mary Smith da bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954. Baba ta yi zaman aure a garuruwa daban-daban tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, kuma abin da ta fi ba muhimmanci shi ne wa ta ƙulla ƙawance da ita, wa ya ba ta riƙon ɗa, me aka kai gidan biki. Ta san cewa da waɗannan ake zama ɗan gari.

Na karanta wa Inna wasu shafuka na Kitsen Rogo da daddare, da fitilar waya. Ta saurara har na tsaya, ta tausaya wa Ibrahim, ta tsine wa abokansa. Sannan ta tambaye ni ko marubucin ya faɗi girman gonar uban yaron, da kuma su nawa ne za su gaje ta.