Your Name: Zane Ya Kai, Soyayyar Fa?

Tun da fim ɗin Your Name ya fito a Japan a 2016, ba a zancen soyayya a finafinan zane na anime ba a sa shi a sahun gaba ba. Makoto Shinkai ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, kamfanin CoMix Wave Films ya zana, ya kuma tara sama da dala miliyan 350 a duniya.

Mitsuha 'yar sakandare ce a wani ƙirƙirarren gari, Itomori; Taki ɗan birnin Tokyo. Sai suka riƙa wayar gari kowa a jikin ɗan'uwansa, suna bar wa juna saƙo a waya. Can a tsakiya asiri ya tonu: shekara uku ce tsakaninsu, kuma ɓaren tauraro mai wutsiya ya riga ya faɗa wa Itomori, ya hallaka mutum fiye da 500, har da Mitsuha.

A zane babu gardama. Hasken almuru a kan tafki, ƙofar jirgin ƙasa tana rufewa, zaren da kakar Mitsuha ke kitsawa, kowanne ya isa a tsaya a kalla. Matakalar wurin bauta na Suga da ke unguwar Yotsuya, inda fim ɗin ya ƙare, har yau mutane na zuwa ɗaukar hoto.

Amma yaushe soyayyar ta shiga? Nan gizo ke saƙar. Makonnin da suka yi suna musayar jiki, lokacin da ya kamata mu ga shaƙuwa tana kama su a hankali, an dunƙule su cikin 'yan mintuna, waƙar ƙungiyar Radwimps na tashi, hotuna na gudu. Kafin ka ankara Mitsuha na gaban madubi hawaye na zuba, a safiyar da Taki zai fita da Okudera, abokiyar aikinsa, fitar da Mitsuha kanta ta shirya masa. Ba ta san dalilin kukan ba. Mai kallo ma sai dai ya karɓa a haka. Ga kuma raha guda, ta Taki yana taɓa ƙirjin jikin da ya farka a ciki, an maimaita ta har ta gundura.

Wannan tsohuwar ɗabi'ar irin waɗannan finafinai ce: sun ƙware a bege, zaman tare kuwa ba su cika iya shi ba. A 5 Centimeters per Second na 2007, Shinkai ya bar masoyan sun wuce juna a mashigar jirgi, kuma hakan ya dace da gwanintarsa. A Your Name kuwa ya haɗa Taki da Mitsuha, ga alama don ya faranta wa jama'a.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi a ganina shi ne ɗakin karatu, lokacin da Taki ke bin jerin sunayen mamata har ya ci karo da na Mitsuha. Shinkai da kansa ya danganta labarin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, kuma ga 'yan Japan da suka rasa garuruwa sukutum, burin komawa baya a gargaɗi mutane ba wasa ba ne. Shi ya sa ya ba ni haushi da aka ɓoye mana yadda Mitsuha, bayan labarin ya koma baya kafin faɗuwar tauraron, ta shawo kan mahaifinta, magajin gari, ya kwashe jama'a. Ta shiga ofishinsa, ta dube shi ido cikin ido, sai aka yanke.