Sharhi a Kan Fim ɗin "The Great Hack"

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne in auna fim ɗin The Great Hack, wanda Karim Amer da Jehane Noujaim suka shirya, Netflix ya fitar a shekarar 2019. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma tun da yana da jigo da taurari da zubi, ina ganin ya halatta mu ɗora shi a kan ma'aunin da muke ɗora littafi.

Jigon fim ɗin tambaya ce guda: me kamfanonin fasaha suka sani game da mutum? Mai tambayar shi ne David Carroll, wani malamin jami'a a Amurka. Kamfanin Cambridge Analytica ya yi alfaharin cewa yana riƙe da bayani iri 5,000 a kan kowane mai jefa ƙuri'a a Amurka, sai Carroll ya ce to, a ba shi nasa ya gani. Hukumar kare bayanai ta Ingila ta goyi bayansa, har aka ci uwar kamfanin tarar fam 15,000 a 2019, amma bai sami cikakken abin da ya nema ba. A nan fim ɗin ya ciri tuta, domin ya nuna cewa mutum na iya zama baƙo a labarin kansa.

To, amma wajen warwarar jigo sai aka saki hanya. Masu fim sun bar Carroll a tsaye, suka bi Brittany Kaiser, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, daga wurin shaƙatawa a Tailan zuwa filayen jirgin sama, muna kallon nadamarta. Ko shakka babu tana da jan hankali, sai dai tauraruwa ta danne jigo.

Illar wannan ita ce, mai kallo zai tashi da zaton ɓarawo ɗaya ne, kuma an kama shi, tun da kamfanin ya rushe a 2018. Alhali kuwa mutum wajen 270,000 kacal suka yi amfani da manhajar Aleksandr Kogan, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, saboda a lokacin Facebook da kansa ya bar ƙofar bayanan abokai a buɗe. Ashe ba ɓera kaɗai ke da laifi ba, har da daddawa. Tun a 2011 wani ɗalibin shari'a ɗan Ostiriya, Max Schrems, ya nemi nasa bayanan daga Facebook, aka ba shi shafi 1,222, har da saƙonnin da ya riga ya goge. Shafi 1,222 a kan mutum ɗaya! Wannan tarin na yau da kullum, wanda ake yi da sunan talla, shi ya kamata ya zama ƙashin bayan fim ɗin.

Na biyu, fim ɗin ya gaskata kirarin da kamfanin ya yi wa kansa, kamar dai shi ya juya zaɓen Amurka na 2016. A 2020 ita wannan hukuma ta Ingila ta bayyana cewa yawancin dabarunsa sanannu ne, kowa na iya samu. Mai sharhi ba ya karɓar kirarin maroƙi a matsayin shaida.

Na uku, mu nan an bar mu a baya. Jaridar Observer ta ruwaito a 2018 cewa wani attajiri ya ɗauki hayar kamfanin don mara wa Goodluck Jonathan baya a zaɓen 2015, amma fim ɗin bai zauna a kan wannan ba.

Duk da haka ina ba 'yan uwana ɗalibai shawara su kalle shi, sa'an nan kowa ya buɗe wayarsa ya nemi kwafin bayanan da Facebook ko Google ke riƙe da su a kansa, domin dukkansu sun tanadi hanyar yin haka. Abin da zai gani shi ne babin da masu fim suka tsallake.