Sharhin Fim: Ɗan Dabo Ya Tona Asirin 'Yan'uwansa

Fim: An Honest Liar (2014)
Daraktoci: Justin Weinstein da Tyler Measom

Jama'a, fim ɗin da za mu duba a wannan watan ba shi da waƙa ko rawa, ba kuma ƙagaggen labari ba ne. Tarihin James Randi ne, wani ɗan dabo haifaffen Kanada wanda ya rasu a 2020 yana da shekara 92. Hujjarsa guda ce: mai rufa ido da ya ce maka wasa yake yi, sana'arsa yake yi. Amma ranar da ya ce baiwa ce gare shi, to ya zama ɗan damfara.

Babban abokin karawarsa shi ne Uri Geller, mutumin Isra'ila, wanda ya yi suna da cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin tunaninsa. A 1973 an gayyace shi shirin talabijin na Johnny Carson a Amurka. Randi ya ba masu shirin shawarar su kawo nasu cokulan, kada su bari yaran Geller su taɓa komai. Ai kuwa sai gogan naka ya yi ta kame-kame, wai ba ya jin ƙarfi a daren. Dabarar ba wata mai wuya ba ce: ko dai a riga an lanƙwasa wuyan cokalin sau da yawa har ya yi laushi, ko a lanƙwasa shi lokacin da aka ɗauke hankalin 'yan kallo. Daraktocin sun kyauta da suka bar hoton ya yi magana da kansa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na Peter Popoff, mai wa'azin da ke kiran sunan maras lafiya da cutarsa a tsakiyar taro, wai wahayi ne. Ashe matarsa ce ke karanto masa daga katunan da mutanen suka cike a bakin ƙofa, ta wata 'yar rediyo da ya maƙala a kunne. Randi ya fallasa shi a 1986, ya tsiyace a 1987. To amma fa ya dawo, yana tallar ruwan mu'ujiza! Shi ma Geller farin jininsa ƙaruwa ya yi bayan kunyar 1973.

A nan ne fim ɗin ya gaza. Ya nuna mana yadda ake yaudarar, amma bai tsaya ya tambayi waɗanda aka cuta dalilin da ya sa suke komawa ba. Maimakon haka sai ƙarshensa ya karkata ga matsalar abokin zaman Randi, wanda aka kama a 2011 saboda amfani da sunan wani. Ko a nan ɗin ma daraktocin sun yi wa jarumin nasu sassauci.

Duk da haka ina so masu shirya finafinanmu su kalle shi. Sau nawa muka ga boka a fim ya ɓace ya ɓullo da taimakon kwamfuta, aikinsa kuma ya ci? Ko da an nuna ya yi mummunan ƙarshe, an riga an gaya wa mai kallo cewa yana da iko. Wa zai fara nuna mana yaron bokan da ke zagayawa yana kwaso masa labarin gidajen mutane? Matar da ke shirin sayar da gadonta don biyan kuɗin aiki, wannan fim ɗin take buƙata.