Littattafan da ke Ƙasan Akwatina

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata 'yar ƙanena da aka kai ɗakinta bara. Na je mata wuni, na tarar ta gama girki, ta yi shara, ta yi wanka, tana zaune tana ta zuba hamma. Sai ta ce, "Gwaggo, wallahi zaman shirun nan ya ishe ni, ke da kike da littattafai ki zaɓo mini mana." Da na koma gida na jawo tsohuwar akwatina na zazzage, sai na ga ashe zaɓen ma aiki ne.

Na san akwai masu cewa karatun littattafan Hausa ɓata tarbiyya yake yi, har a 2007 an tara wasu an cinna musu wuta a Kano. Ni ba zan rantse duka na kirki ba ne. Akwai wanda daga bango zuwa bango ba abin da za ki tsinta sai mota da leshi da kuka. To amma wanda ya yi musu kuɗin goro bai karanta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba.

Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, shi na fara warewa. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara. Mutumin nan yana da hali, amma kuɗin cefanen da yake ajiye mata ba ya kai su ko'ina, alhali a waje yana ɓarin kuɗi a kan Delu, matar da ta gama zaman kanta. Ya auro ta, gida ya rikice, ƙarshe Rabi ce aka kora da 'ya'yanta. Abin da ya sa nake son littafin nan, marubuciyar ba ta tsaya yi mana ado ba. Lissafin tukunya take yi, da kuɗin makarantar yara, da irin maganar da ke fita bakin kishiyoyi idan rai ya ɓaci. Kuma Rabi ba ta zauna tana sharar hawaye ba, sayar da abinci ta kama ta riƙe 'ya'yanta. Duk matar da ta taɓa juya kuɗin cefane a tafin hannu tana tunanin ta ina za ta fara, za ta ga kanta a ciki.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Na farko, yadda 'yarta Saudatu ta dace da miji mai kuɗi, Alhaji Abubakar, ya zo da sauƙi ƙwarai, kamar dai wahalar mace ba ta yankewa sai wani attajiri ya ɓullo. Mu nawa muka ga haka a unguwanninmu? Na biyu kuwa ƙarshen labarin ne. Bayan gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, ya tsiyace, Delu ta kama gabanta, sai aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma masa. Ranar da na fara karanta wurin nan ina budurwa, jifa na yi da littafin don haushi. Sai da na yi shekaru a ɗakin miji, na ga irin wannan zaman sulhu da idona ba sau ɗaya ba, sannan na gane Hajiya Balaraba ba daɗi ta so ji mana ba, abin da ake yi ta faɗa. Har yau ban huce da ƙarshen ba, amma na daina ganin laifinta. Ita kanta tana da shekara 13 aka yi mata aure, ta san abin da take rubutawa. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga a Indiya.

Ɗan uwansa Wa Zai Auri Jahila? kuma, wannan iyaye mata ya kamata su fara karantawa kafin 'ya'yansu. Abu aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho Sarkin Noma, ta sha baƙar wuya, daga baya ilimin da aka hana ta shi ya ɗaga ta.

In kuwa soyayya zalla kike so, ga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, 1980, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta kafe a kan wanda ba ƙabilarta ba. Ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya hana mu barci a zamaninsa. Hausarsa da daɗi, amma wurin da Sumayya ta faɗa rijiya don an raba ta da Muhammad, ki karanta ki wuce, ba abin koyi ba ne. Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa ma yana cikin akwatin, duk da an raba shi da bangonsa wajen aro.

Waƙa ita ce muka fi yi wa rowar lokaci, alhali ta fi dacewa da mai aiki a hannu. Ba a karanta ta a zuci, rerawa ake yi. Ki nemi Waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya, ki riƙa ɗaukar baiti biyu uku bayan sallar asuba. Sannan akwai Alƙalami a Hannun Mata, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1983, mai ɗauke da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Yana da wuyar samu, in kin gan shi kada ki tsaya ciniki.

Gajerun labarai kuwa, har gobe ban ga kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba. Kafin shinkafa ta tsotse kin gama labari ɗaya daga bakin akun nan, da dare kuma ki mayar wa yara. Masu sha'awar na zamani su bi labaran gasar Hikayata ta mata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016.

Ita dai 'yar ƙanen tawa Alhaki na kai mata, da sharaɗin kada ta ba maƙwabta aro. Kwana uku sai ga kiranta da sassafe, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Haba Gwaggo, yanzu fisabilillahi sai Rabi ta koma?" Na ce ta kawo mini littafina tukuna, ma yi maganar a zaune.