Ƙaramar ƙofa da babban fim: nazari kan al'adar f/64

A watan Nuwamba na 1932 wata ƙungiya ta masu ɗaukar hoto su bakwai ta baje kolin ayyukanta a gidan tarihi na de Young da ke San Faransisko a Amurka, da sunan Group f/64. Cikinsu akwai Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da Willard Van Dyke. Tawaye suka yi wa salon da ke tashe a lokacin, inda ake sa hoto ya fito da hazo-hazo don ya yi kama da zanen hannu. Su kuwa so suke komai ya fita tar, tun daga tsakuwar da ke gaban kyamara har zuwa dutsen da ke can nesa. Lambar da suka ɗauka a matsayin suna tana nufin tsuke ƙofar da haske ke bi a cikin idon kyamara har ta zama ɗan mitsitsin rami.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa f/64 aƙida ce kawai. Ni a ganina larura ce ta fara haifar da ita, daga baya aka yi mata rigar aƙida. Irin babbar kyamarar da suke aiki da ita tana cin fallen fim mai inci 4 da 5, ko inci 8 da 10, kuma girman fim ke sa dole a yi amfani da ido mai dogon zango. Abin da ido mai milimita 50 zai ɗauko a ƙaramar kyamara, sai mai kusan milimita 300 zai ɗauko shi a kan fim mai inci 8 da 10. Ita kuma lambar ana samunta ne idan aka raba zangon ido da faɗin ramin. Raba 300 gida 64, ramin bai cika milimita 5 ba. Raba 50 gida 11, kusan amsar ke nan. Wato mai babbar kyamara sai ya kai f/64 kafin ya samu zurfin da mai ƙarama ya samu tun a f/11.

Dalilin da tsukewa ke ƙara zurfi ba mai wuyar ganewa ba ne. Hasken da ya taso daga kowane ɗigo na abin da ake ɗauka yana cika ramin, sannan ya riƙa tsukewa har ya yi tsini. In tsinin ya faɗa daidai kan fim, ɗigo ya fito ɗigo. In ya faɗa gaba ko baya, sai ya zama ɗan da'ira, tarin waɗannan da'irori kuma shi ne dishi-dishin da muke gani. Rami in ya ƙanƙance, hasken yana zuwa siriri, da'irar ta yi ƙanƙantar da ido ba zai bambanta ta da ɗigo ba. Abin da mai raunin gani yake yi ke nan in ya ƙanƙance ido don ya karanta allo daga nesa.

A aikace, mai hoto yana kafa kyamara kan ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya don gilashin bayan kyamara, inda ake duba hoton, ya yi haske. Hoton yana bayyana a kife, sama a ƙasa. Sai ya ɗora ƙaramin madubin ƙara girma a kan gilashin, yana murza maɓalli a hankali, zuga-zugin kyamarar na miƙewa yana taƙurewa, har jijiyar ganye guda ta fito fes. Daga nan ya fara tsuke ƙofa yana leƙen kusurwoyi huɗu. Duk tsukewa ɗaya gilashin na ƙara duhu, kafin ya kai f/45 da ƙyar yake ganin komai, sauran aikin sai lissafi da sabo.

Tsukewar nan ba kyauta ba ce. Kowane mataki yana raba hasken biyu, kuma daga f/8 zuwa f/64 matakai shida ne, wato lokacin ɗauka ya ninka sau 64. Abin da za a ɗauka cikin ƙiftawar ido ya koma daƙiƙa guda cur, iska kuwa ba ta jiran kowa: ciyawa ta motsa, hoto ya lalace. Ba mamaki da duwatsu da kututture da kayan lambu suka cika fitattun hotunan wannan makaranta. Tattasan da Weston ya ɗauka a 1930, wanda ya ajiye cikin mazurarin kwano don haske ya kewaye shi, ba inda zai je.

Farashi na biyu ya fi ɓoyuwa. Haske in ya bi ta matsattsen rami yana lanƙwasa a bakin ramin ya ɗan bazu, don haka a f/64 ko abin da aka saita daidai ba ya fita da cikakken kaifi. Kowane ɗigo yana kumbura zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin da ya rufa wa Weston asiri shi ne yadda yake wanke hoto. Yakan ɗora dodon hoton kai tsaye a kan takarda, ba ya ƙara masa girma, ido kuma ba ya kama wannan ɗan kumburi. Wanda ya kwaikwayi lambar a ƙaramin fim, ya zo ya faɗaɗa shi sau takwas, zai ga hoton ya yi laushi ko'ina.

Shi ya sa gwanaye ba sa dogara da ƙofa kaɗai. Gaban babbar kyamara da bayanta suna karkatuwa, kuma in aka sunkuyar da ido gaba kaɗan, shimfiɗar da ke fita tar tana kwantawa ta bi ƙasa maimakon ta tsaya a miƙe. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Da ita ana iya kama fili tun daga ƙafa har bakin sararin sama a f/22. Sai dai in akwai doguwar bishiya a kusa, kanta zai fita daga shimfiɗar, dole a koma ga tsukewa.

Inda nake da ja da wannan makaranta shi ne da'awar cewa hoton da komai ya fita tar a cikinsa ya fi gaskiya. Idon mutum ba haka yake gani ba, abu ɗaya yake kamawa a lokaci guda. Julia Margaret Cameron, wadda ta fara ɗaukar hoto a Ingila bayan ta samu kyamara a 1863, ta sha suka kan cewa hotunanta ba su da saiti. Amma a dubi hoton da ta yi wa masanin taurari John Herschel a 1867: fuska ta fito daga duhu, farin gashi ya watse ya narke a gefe, mai kallo ba shi da wurin zuwa sai idanun dattijon. Da komai ya fita tar, da an rage masa ƙarfi.

Su ma 'yan ƙungiyar ba su mai da lambar farilla ba. Adams ya rubuta cewa shahararren hotonsa na fitowar wata a Hernandez, na 1941, a f/32 ya ɗauke shi, cikin daƙiƙa ɗaya, rana na gab da faɗuwa. Masu aiki da babbar kyamara a yau, da yake yawanci faɗaɗa hoto suke yi ko su shigar da shi kwamfuta, sun fi zama a wajen f/22 kan fim mai inci 4 da 5, da f/32 zuwa f/45 kan mai inci 8 da 10, suna fara karkata ido tukuna kafin su taɓa ƙofa.